Hulda, Hauwa'u, Magadaliya da Yuniya: Abin da Nassi Ya Faɗa da Abin da Tafsiri Ya Ɗora Masa

A wajen shekara ta 622 kafin haihuwar Almasihu, ana cikin gyaran Haikalin Urushalima, babban firist Hilkiya ya tsinci wani naɗaɗɗen littafin shari'a wanda aka daɗe da mantawa da shi. Da aka karanta shi a gaban Sarki Yosiya, sai sarkin ya yayyage tufafinsa don tsoro, ya umarci manyan mutanensa biyar, har da babban firist ɗin da magatakardan fada, su je su nemi nufin Ubangiji a kan wannan magana. Mutanen nan kuwa suka nufi gidan wata annabiya mai suna Hulda, matar Shallum mai kula da tufafi. Ta yi musu magana da sunan Ubangiji, ta tabbatar da cewa hukuncin da ke cikin littafin zai sauka a kan birnin, suka koma suka isar wa sarki, shi kuma ya gina babban gyaran addininsa a kan wannan amsa. Labarin yana cikin littafin Sarakuna na biyu, sura ta 22, kuma marubucinsa bai tsaya ba da wani uzuri a kan cewa mace aka tuntuɓa ba, ko da yake Irmiya ya riga ya fara annabci shekaru biyar kafin wannan lokacin.

Bayan ƙarnuka masu yawa, malaman Yahudawa da aka tattara maganganunsu a cikin Talmud na Babila suka tsaya a kan wannan labari suna tambaya: yaya Hulda za ta yi annabci alhali Irmiya yana raye? Wasu suka ce ai 'yar uwarsa ce, shi ya sa bai damu ba. Wasu suka ce sarki ya zaɓe ta ne domin mata sun fi maza tausayi. Wani malamin ma ya zarge ta, ita da annabiya Debora, da girman kai, hujjarsa kuwa ita ce Hulda ta ambaci sarki da "mutumin da ya aiko ku", Debora kuma ta aika a kira mata shugaban yaƙi maimakon ta tashi ta je wurinsa. Abin da bai dami marubucin farko ba ya zama matsalar da sai an warware ta a wurin masu karatu na baya. Wannan tazara tsakanin nassi da tafsirinsa ita ce jigon tarihin mata a cikin littattafan Yahudawa da na Kirista, kuma wanda bai rarrabe su ba zai yi ta jingina wa nassi abin da bai faɗa ba, ko mai kare shi ne ko mai sukarsa.

Ya kamata tun farko a amince da cewa waɗannan littattafai sun fito ne daga al'ummar da ikon gida da gado da firistanci ke hannun maza, kuma dokokinsu sun nuna hakan ƙarara. A littafin Firistoci, matar da ta haifi namiji tana zaman tsarkakewa na kwana 40, wadda ta haifi mace kuma kwana 80. A littafin Ƙidaya, uba ko miji yana da ikon warware wa'adin da mace ta yi wa Allah idan ya ƙi amincewa a ranar da ya ji. Takardar saki miji ne ke rubuta ta, kuma daga nan ne matsalar matar da mijinta ya ƙi sakinta ko ya ɓace ta samo asali, matsalar da har yau kotunan addinin Yahudawa ke fama da ita. Duk wanda ya ce babu fifikon namiji a cikin nassin bai yi masa adalci ba. Amma a cikin littattafan nan ne kuma Debora ke zaune a ƙarƙashin itacen dabino tana yanke wa Isra'ilawa hukunci, Barak shugaban yaƙi kuma ya ce ba zai fita yaƙi ba sai da ita. A cikinsu ne 'ya'yan Zelofehad mata biyar suka tsaya a gaban Musa da dattawa suna neman gādon mahaifinsu da ya mutu bai bar ɗa namiji ba, aka ce suna da gaskiya, aka mai da hukuncin doka, ko da yake daga baya an gindaya musu sharaɗin yin aure a cikin kabilarsu don kada ƙasa ta fita. Muryoyi daban-daban ne ke cikin nassin, kuma masu tafsiri ne suka zaɓi wadda za ta rinjayi sauran.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a labarin Hauwa'u. Littafin Farawa yana da bayani biyu a kan halittar mutum. A sura ta ɗaya, an halicci namiji da mace tare cikin siffar Allah, aka sa musu albarka tare, aka ba su mulkin duniya tare. A sura ta biyu, an fara yin Adamu daga ƙasa, sannan aka ciro mace daga haƙarƙarinsa. Idan aka bi labarin cin 'ya'yan itacen a hankali, za a ga cewa Adamu aka ba umarnin hani tun kafin a halicci matar, kuma nassin Ibrananci ya ce mijinta yana tare da ita lokacin da ta ci ta miƙa masa. Da hukunci ya zo, maciji da ƙasa ne aka ambata da la'ana, mace da namiji kuwa kowannensu an faɗa masa wahalar da za ta same shi. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, bayan surorin farko na Farawa, sauran littattafan Ibrananci ba su sake ambaton Hauwa'u ba. Annabawa sun yi ta tsawata wa jama'a a kan bautar gumaka da zaluntar marayu da gwauraye, amma babu ko ɗayansu da ya ce Hauwa'u ce ta jawo wa 'yan Adam zunubi.

Wannan zargi ya bayyana ne daga baya. A wajen shekara ta 180 kafin haihuwar Almasihu, wani malami a Urushalima mai suna Ben Sira ya rubuta cewa daga mace zunubi ya fara, kuma saboda ita ne dukanmu muke mutuwa. Littafinsa bai shiga cikin littattafan da Yahudawa suka ɗauka a matsayin nassi ba, amma cocin Katolika da cocin Gabas sun karɓe shi, ta haka maganar ta samu doguwar rayuwa. Filo, masanin falsafa Bayahude na Iskandariya wanda ya yi zamani da Yesu, ya karanta labarin da idon falsafar Girka, ya ce Adamu yana wakiltar hankali, Hauwa'u tana wakiltar gaɓoɓin ji da gani, maciji kuma sha'awa ce da ke bi ta ƙofar gaɓoɓi ta kayar da hankali. A wajen shekara ta 200 miladiyya, Tertuliyan na birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya fuskanci matan ikkilisiyarsa ya ce musu kowace ɗayarsu Hauwa'u ce, kuma su ne ƙofar Iblis. Sannan a ƙarshen ƙarni na 4, da Jerom ya fassara Farawa zuwa harshen Latin, bayanin nan na cewa mijin yana tare da ita bai fito a fassararsa ba, kuma wannan fassarar ce Yammacin Turai ya karanta har tsawon shekaru fiye da dubu. Lamarin ya yi kama da ginin ƙasa da ake ƙara masa yaɓe kowace shekara, har siffarsa ta asali ta ɓace a ƙarƙashin abin da aka ɗora masa. Shi kansa manzo Bulus, a wasiƙarsa zuwa ga Romawa da ke cikin Sabon Alkawari, ya ce ta wurin mutum ɗaya ne zunubi ya shigo duniya, kuma Adamu ya ambata.

Mai karatu Musulmi zai iya gane wannan hanya, domin ta ratsa har cikin tafsirin Alƙur'ani. Alƙur'ani bai ambaci sunan Hauwa'u ba, ya ce Shaiɗan ya yi musu waswasi su biyu, su biyun kuma suka tuba, a suratu Ɗaha ma Adamu ne aka ambata da saɓawa. Amma ruwayoyin da malamai ke kira Isra'iliyyat, waɗanda aka ɗauko daga Ahlul Kitabi, sun shigo da labarin maciji da ɗora laifi a kan matar cikin manyan littattafan tafsiri irin na Ɗabari, kuma malaman hadisi sun daɗe suna gargaɗi a kan irin waɗannan ruwayoyi.

Ba kuma za a ce malaman Yahudawa sun yi magana da baki ɗaya ba. A cikin Mishna, tarin hukunce-hukuncen malaman Yahudawa, wadda aka kammala a wajen shekara ta 200, Ben Azzai ya ce wajibi ne uba ya koya wa 'yarsa Attaura, malam Eliyeza kuma ya ce wanda ya koya wa 'yarsa Attaura kamar ya koya mata shashanci ne. An ajiye maganganun biyu kafaɗa da kafaɗa, amma ta Eliyeza ce ta yi rinjaye a aikace har ƙarnuka masu yawa, kafin Sarah Schenirer ta buɗe makarantar addini ta 'yan mata a birnin Krakow na ƙasar Polan a 1917. Talmud ɗin da ya soki Hulda shi ne kuma ya lissafa annabawa mata bakwai, ya adana labarin Beruriya, macen da malamai suka yaba da iliminta. Rubuce-rubucen duwatsu da aka tono sun ƙara nuna cewa rayuwa ta fi littattafan malamai faɗi: a birnin Simirna an samu rubutun wata mata mai suna Rufina da aka kira shugabar majami'a, sannan takardun Babata da aka gano a wani kogo kusa da Tekun Gishiri a 1961 sun nuna Bayahudiya ta ƙarni na 2 mai mallakar gonakin dabino, wadda ke shigar da ƙara a kotu. Wannan yana da muhimmanci, domin wasu masu wa'azi da marubuta Kirista sun saba baƙanta addinin Yahudawa don su nuna cewa Yesu ne ya fara daraja mata, alhali matan da suka bi shi Yahudawa ne da suka taso a cikin wannan al'umma, kuma 'yancin tafiya da dukiyar da suka yi masa hidima da ita sun samo su ne a cikinta.

A cikin waɗannan mata, wadda aka fi zalunta ita ce Maryamu Magadaliya. Abin da Linjila ta faɗa a kanta kaɗan ne, amma mai nauyi. Luka ya ce an fitar mata da aljanu bakwai, kuma tana cikin matan da ke ɗaukar nauyin Yesu da almajiransa da dukiyarsu, tare da Yuwana matar wakilin Hirudus da Suzana. Ta tsaya a wurin gicciye lokacin da yawancin almajirai maza suka watse, dukan Linjila huɗu sun sa ta a cikin waɗanda suka fara zuwa kabari, Yahaya kuma ya ce ita ce ta fara ganin Yesu bayan tashinsa, aka aike ta ta sanar da sauran. Babu aya ko ɗaya da ta kira ta karuwa. A shekara ta 591 ne Paparoma Giregori na ɗaya ya yi wa'azi a Roma inda ya haɗa mata uku ya mai da su ɗaya: Magadaliya, da Maryamu ta Betanya 'yar uwar Li'azaru, da wata mai zunubi da Luka bai faɗi sunanta ba wadda ta shafa wa ƙafafun Yesu turare. Ya kuma ce aljanun nan bakwai suna nufin dukan miyagun halaye. Giregori yana so ne ya ba jama'arsa misalin tuba, ba na jin yana da nufin ɓata ta, amma sakamakon shi ne mace ta farko da aka ba saƙon da Kiristanci ya ginu a kansa ta koma alamar matar banza da ta tuba. Masu zane suka yi ta zana ta a haka, aka kuma sa sunanta a gidajen da ake tsare matan da aka ce sun lalace, irin na ƙasar Ayalan da sai a 1996 aka rufe na ƙarshe. Cocin Gabas bai taɓa karɓar wannan haɗin ba, wanda hakan ya nuna cewa nassin bai tilasta shi ba. Cocin Katolika ya raba matan uku a kalandarsa ta 1969, a 2016 kuma Paparoma Francis ya ɗaga darajar ranar tunawa da ita, 22 ga Yuli, zuwa matsayin idi kamar na manzanni. Daga wa'azin Giregori zuwa gyaran farko shekaru 1,378 ne.

Ba abu ne mai wuya ba a gane dalilin da ya sa shaidarta ta zama nauyi ga wasu tun da wuri. Masanin tarihi Bayahude Yosifus ya rubuta cewa ba a karɓar shaidar mata, Kelsus kuma, wani Bagirke mai sukar Kiristanci a ƙarni na 2, ya yi ba'a da cewa labarin tashin ya dogara ne a kan mace mai ruɗewa. Jerin shaidun da Bulus ya kawo a wasiƙarsa ta farko ga Korantiyawa ya fara ne da Bitrus, bai ambaci matan ba. Wani littafi na ƙarni na 2 da bai shiga Sabon Alkawari ba, wanda aka sayi kwafinsa na harshen Kibɗawa a Alƙahira a 1896 aka kuma buga a 1955, ya nuna Bitrus yana ƙin yarda cewa za a faɗa wa mace abin da ba a faɗa wa maza ba, wani almajiri mai suna Lawi kuma yana kare Maryamu. Littafin ba shaida ba ne a kan abin da ya faru a zamanin Yesu, amma shaida ne cewa Kiristocin ƙarni na 2 suna jayayya a kan ikon mata na koyarwa.

Bulus ne ya fi kowa wahalar fahimta a wannan fage. A sura ta 16 ta wasiƙarsa ga Romawa, wadda ya rubuta a wajen shekara ta 57, ya ambaci mata goma. Ya fara da Fibi, wadda ya kira mai hidimar ikkilisiyar Kankiriya da sunan muƙamin da yake amfani da shi ga maza, kuma masana da yawa suna ganin ita ce ta kai wasiƙar Roma. Ya sa sunan Firiskila a gaban na mijinta Akila. Sannan ya gai da Andaranikas da Yuniya, waɗanda ya ce an ɗaure su tare da shi, kuma fitattu ne a cikin manzanni. Yahaya Kirisostom, babban mai wa'azin Kustantiniya da ya rasu a 407, wanda ba a san shi da sassauci a kan matsayin mata ba, ya yi mamakin girman hikimar wannan mata da har ta cancanci a kira ta manzo. Amma daga ƙarni na 13 aka fara ɗaukar ta namiji, fassarar Martin Luther ta bi wannan hanya, a 1927 kuma bugun Sabon Alkawari na Girkanci da masu fassara suka fi dogara da shi ya mai da sunan na namiji. An samu sunan Yuniya na mace fiye da sau 250 a rubuce-rubucen birnin Roma, sunan namijin da aka ƙirƙiro kuwa ba a same shi ba. Binciken Bernadette Brooten na 1977 ya sake buɗe maganar, a 1998 aka mai da sunan macen a wannan bugu. Har yanzu wasu masana suna cewa ma'anar ayar ita ce manzanni sun san su sosai, ba wai suna cikin manzanni ba, kuma wannan muhawara ce ta ilimi da za a iya yi da hujja. Abin da babu hujja a kansa shi ne sauya jinsinta, domin tunanin cewa mace ba za ta zama manzo ba shi ne ya riga karatun.

Sai dai a cikin wasiƙun da ke ɗauke da sunan Bulus ne kuma ake samun ayoyin da suka fi tsanani. A sura ta 11 ta Korantiyawa ta farko ya yarda cewa mata suna addu'a da annabci a taro, abin da ya nema kawai shi ne su rufe kansu, amma a sura ta 14 an ce mata su yi shiru a ikkilisiya. Waɗannan ayoyi biyu na yin shiru suna zuwa a wani wuri daban a wasu tsofaffin kwafe-kwafe, wato a ƙarshen surar, shi ya sa wasu masana, har da masu riƙe da nassi sosai irin su Gordon Fee, suke ganin bayanin gefe ne da ya shige cikin rubutun. Wasu kuma suna cewa Bulus yana magance wata hayaniya ce ta musamman a Koranti. Wasiƙar farko ga Timoti ta fi fitowa fili: ta hana mace koyarwa ko iko a kan namiji, ta kafa hujja da cewa Adamu aka fara yi kuma macen ce aka yaudara. Yawancin masanan jami'o'i suna ganin wani mabiyin Bulus ne ya rubuta ta bayan rasuwarsa, coci-coci masu yawa kuwa, har da mafi yawan na Najeriya, suna riƙe da cewa tasa ce kuma hukuncinta yana nan. Ko ta wane ɓangare aka tsaya, tambayar ita ce wace aya za a karanta sauran da ita: wannan, ko kuwa ta Galatiyawa da ta ce babu namiji babu mace a cikin Almasihu?

A ganina, amsar da ƙarnukan farko suka bayar ta bi sauyin da ya samu tsarin ikkilisiya ne. Taron farko a gidaje ake yin sa, gida kuwa fagen mace ne, don haka mata irin su Lidiya mai sayar da tufafin shunayya a Filibi da Nimfa suka karɓi ikkilisiya a gidajensu. Da addinin ya yaɗu ya fara neman mutunci a idon Romawa, waɗanda ke zargin sababbin addinai da lalata tsarin gida, sai aka rungumi tsarin miji da mata, uba da 'ya'ya, ubangida da bawa, wanda masana falsafar Girka tun daga Aristotal suka shimfiɗa. Duk da haka muƙaman mata ba su ɓace nan take ba. A wajen shekara ta 112, gwamna Filini ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa ya azabtar da bayi mata biyu da Kiristoci ke kira masu hidima don ya san gaskiyar addinin, majalisar Kalsidon ta 451 kuma ta kafa dokar cewa kada a naɗa mace a wannan muƙami sai ta kai shekara 40, wanda ke nuna cewa ana naɗa su a lokacin.

Muhawarar ba ta ƙare ba, kuma masu riƙe da tsohuwar fahimta suna da hujjojinsu da ya kamata a saurara: Yesu ya zaɓi maza goma sha biyu, kuma al'adar ikkilisiya ta ƙarnuka ba abin yarwa ba ce. A kan wannan ne Paparoma John Paul na biyu ya bayyana a 1994 cewa cocin Katolika ba shi da ikon naɗa mata firistoci, a shekarar da cocin Ingila ya naɗa matansa na farko. A ɓangaren Yahudawa, an naɗa Regina Jonas malamar addini a Jamus a 1935, aka kashe ta a sansanin Auschwitz a 1944, kuma sai a 1972 aka sake naɗa wata mace, Sally Priesand, a Amurka, yayin da mafi yawan Yahudawa masu riƙe da tsohuwar shari'a ba su amince da hakan ba har yau. A arewacin Najeriya, inda aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, ƙungiyoyin Zumuntar Mata ne ke ɗauke da babban kaso na waƙa da ziyara da tara gudummawa a coci, ko da a inda mimbari ya kasance na maza, kuma surar Romawa da ta ambaci Fibi da Yuniya tana cikin littafi ɗaya da wasiƙar Timoti da ake karanta musu.